Tana Hanya

Duk wanda ya zauna Bukkuyum a shekarun da aka yanko jihar Zamfara daga Sakkwato ya san Malam Surajo na ɗakin karatu, ko da bai taɓa taka ɗakin ba. A hanya ake saninsa. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, kuma Allah bai halicce shi da zama ba. In ka gaishe shi yana tafe, sai dai ka tsinci amsar a bayansa. An saya masa kujera a wurin aiki, mai hannu har da matashi, amma kyanwar ɗakin ta fi shi cin moriyarta. Matarsa Habsu takan ce ko tuwo da so samu ne a tsaye zai ci, gudun surutun mutane ne kawai ke sa shi durƙusawa.

Ɗakin karatun ba wani babba ba ne. Malaman makaranta da 'yan kasuwar gari ne suka haɗa hannu suka gina shi daf da tasha: ɗaki guda da baranda, kantocin littattafai, benci, da dogon tebur na jaridu. Teburin nan shi ne kasuwar Malam Surajo. Littafi in ka ajiye shi yana nan, amma jarida da mujalla sai an yi kiwonsu kamar awaki, a san wadda ta shigo da wadda ta kwana a waje. Don haka kowace da katinta a cikin wata durowa ta katako, an ja masa gidaje wata-wata. In ta iso ya buga mata hatimi, ya yi mata maki da biro. In ta ɓace ko ruwa ya ci ta, ya ja gicciye. Sai kuma alama ta uku, wadda ba a koya masa ba a ɗan kwas ɗin da ya yi a Gusau, shi ya ƙirƙiro abinsa. Yakan ɗauki fensir ya rubuta harafi biyu ƙanana, t da h. Tana hanya ke nan.

Kar ka ga laifinsa. Kayan nan daga Kaduna da Zariya da Legas suke tasowa su sauka hannun Alhaji Tsoho, dillalin jaridu a Gusau. Shi zai ɗaure na Bukkuyum ya ba Ɗantani direban bas, Ɗantani ya biyo da su ta Anka. Tsakanin can da nan kuwa me ba ya faruwa? Taya ta fashe, ruwa ya cinye kwalbati, wani malami a Anka ya roƙi Ɗantani ya ɗan leƙa labarin ƙwallo ya mance da ita a aljihu. Su kansu masu buga mujallun sai su yi wata biyu shiru, sannan su haɗa fitowa biyu a bango ɗaya ba ko kunya. Abin da bai zo yau ba sau da yawa yakan zo jibi, ya sha ƙura ya ƙanƙance, Malam Surajo ya sa roba ya goge fensir ya maye da biro. Shi ya sa da an ji ƙarar bas ɗin Ɗantani, kafin ta tsaya yana bakin taga yana tambayar ƙunshinsa. 'Yan tasha har sun sa masa suna Tana Hanya, shi kuma ko a jikinsa.

A cikin katunan nan akwai ɗaya da gefensa ya yi baƙi don yawan taɓawa. Na wata 'yar mujallar noma ce ta Hausa mai suna Garma da Alƙalami, da ake bugawa a Kaduna wata-wata. Ba kowa ya damu da ita ba, gaskiya. Takardarta ja-ja, hotunanta sai ka yi ta kallo kafin ka gane sa ne ko jaki. Waɗanda suka gina ɗakin ma ba su suka biya kuɗin rajistarta ba. A jikin takardar da ake naɗo ta, ƙarƙashin sunan ɗakin karatu, akwai layi ɗaya da aka buga: kyautar Lauwali Nuhu.

Lauwali wan Surajo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne ɗan fari. Shi ya fara koya wa Surajo baƙi da wasali a ƙasa da tsinke tun kafin a sa shi makaranta. Amma shi inji ya shiga ransa. Ana tsakiyar yankan gero ya bi wata babbar mota, ya yi kwanaki ya dawo hannu duk baƙin mai. Mahaifinsu Malam Nuhu mutum ne mai zuciya, ya tare shi a ƙofar gida gaban jama'a ya ce in ya sake bin mota, to kar ya dawo, kuma ko takardarsa kar ta shigo masa gida. Shi kuwa ɗan, zuciyar uban ya gado ba ragi. Ya juya ya tafi, ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda zai ce ga garin da yake. Wani ya ce ya gan shi a Kaduna, wani ya ce Fatakwal, wani ya rantse a Agadas ne.

Shekaru suka shuɗe a haka. Sai ga shi bayan Surajo ya kama aikin ɗakin karatu, ran nan ya kwance ƙunshi ya ga wannan mujalla da wannan layi. Yadda Lauwali ya ji labarin aikin, Allah kaɗai ya sani. An ce kar takardarsa ta shiga gida, to ba gida ya aiko ba, kuma ba takardarsa ba ce. Ka ji taurin kai mai wayo. Surajo ya gane lissafin nan take: rajistar mujalla shekara-shekara ake sabunta ta, kuma matacce ba ya sabuntawa. Duk sanda fitowar farkon shekara ta iso, Yaya Lauwali yana raye, yana da abin hannu, kuma bai manta da su ba.

Saura Inna. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, amma ta Inna ta wuce ta kowa, don ta tashi cikin maƙwabta Fulani ta ɗauko kunyarsu ta ƙara a kan tata. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. In dole ta yi, sai ta ce wancan. Ranar da ya tafi ma daka take yi, ba ta ajiye taɓarya ba, sai dai an ce garin ranar ya yi laushin da ba a taɓa gani ba. To uwar da ba ta iya cewa ina ɗana, yaya za ta yi? Da Surajo ya raɗa mata zancen mujalla, sai ta ci gaba da aikinta. Bayan 'yan kwanaki ya shigo gaishe ta, tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Takardar ga ta iso?"

Daga ranar tambayar ta zauna. Takarda ba ɗan fari ba ce, ana iya tambayarta gaban kowa. In ta iso ya ce ta iso, Inna ta ce to madalla, ranar kuma miyarta takan fi daɗi. In ta yi jinkiri ya ce tana hanya, ta ce Allah shi kawo ta lahiya. Bayan Malam Nuhu ya rasu, Surajo ya riƙa kawo mata mujallar gida da la'asar. Sai ta ce ya ɗauke mata abin nan, ita ta iya boko ne? Amma hannunta na kan bangon. In ya karanta mata yadda ake adana wake da toka, ta yi tsaki ta ce yanzu su za a koya wa wannan daga Kaduna, sannan ta ce ya ci gaba.

A farkon shekarar dubu biyu da uku Garma ba ta zo ba. Malam Surajo ya sa fensir. Wata na biyu ya sa fensir. Aka shiga bazara, aka yi shuka, aka yi girbi, fensir dai. Da a tsakiyar shekara ta tsaya, da ya ce masu bugawa ne da halinsu. Amma daidai kan sabuntawa? Wannan lissafin ko yaro ya iya shi. Zuciyarsa ta ba shi cewa Yaya Lauwali ya mutu a wani gari, baƙi sun binne shi, ba ko ɗaya nasu a kan kabarin.

Abin da ya kamata ya yi ya san shi sarai, an koya masa a kwas. In mujalla ta yi jinkiri fiye da kima, sai a rubuta takardar tuni zuwa ga dillali a ji dalili. Ya rubuta wa wasu ba adadi, wasu ma da faɗa. Wannan kam hannunsa ya ƙi. Wanda ya yi tambaya ai amsa yake nema, shi kuwa amsar ce ba ya so. In aka ce masa mai rajista bai sabunta ba, sai ya ja gicciye, in ya ja gicciye kuma sai ya shiga gida ya dubi tsohuwar nan ya faɗa mata. Ko Gusau ya je, in ya hango mai jarida ya baza kaya a bakin titi, sai ya tsallaka ɗaya hannun, kar idonsa ya faɗa kan sabuwar Garma a rataye, ya tabbata kowa na samu, tasu ce kaɗai ta yanke. Shagon Alhaji Tsoho kuwa ya daina bi ta layinsa.

Rashin zamansa ya ninka. Da can bas ɗin Ɗantani kaɗai yake tara, yanzu ko kabu-kabu ya shigo daga hanyar Anka da kwali a baya sai ya leƙa. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Ranar Juma'a yakan sayi waina ya raba wa mutane a bakin masallaci, in an ce sadakar wa, ya ce ta iyaye. Habsu ta gane, don mace ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutum ta kasa gane yana makoki, amma ya roƙe ta ta yi shiru. Kullum da la'asar Inna ta yi tambayarta, kullum ya ce tana hanya. Tsohuwar ta daina cewa Allah shi kawo ta, sai dai ta ce to. Wannan to ɗin ya fi masa zagi ciwo.

Ana cikin haka aka kawo kwamfuta. Wata ƙungiyar taimako ce ta ba ɗakunan karatu na Anka da Gummi da Bukkuyum ɗaya-ɗaya, da firinta da ɗan janareta mai tari. Aka haɗo da wadda za ta riƙa zagaya su, Malama Naja'atu, 'yar Gummi ce da ta karanto aikin laburare a Zariya. Mace ce mai fara'a da saurin hannu, Hausarta ta rediyo, ga tsokana. Ranar farko ta buɗe durowar katako ta ce, "Malam, wannan ai gidan gara ne." Shi kuma ya dubi akwatin nata ya ce abin da sai an ba shi fetur kafin ya tuna abu, ina amfaninsa. Suka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Za a shigar da kowace jarida da mujalla, a gaya wa na'ura sau nawa take fitowa. Daga nan ita za ta riƙa jira da kanta. In abu ya iso a danna mata, in lokaci ya wuce bai iso ba ta nuna shi da ja, ƙarshen wata kuma ta buga takardun tuni da kanta, ba sai kowa ya tuna ba. Ya tambaye ta ina gidan tana hanya. Ta ce babu, na'ura abu biyu ta sani, ya iso ko bai iso ba. Ya ce to ashe ba ta san Ɗantani ba. Ta ce ai saboda irin su Ɗantani aka yi ta.

A wasu wurare shi ke da gaskiya. Da damina ta sauka hanya ta lalace, allon ya yi ja wur kamar an yanka kaza, na'ura ta buga tulin takardu tana ƙarar jaridun da suke zaune lafiya lau a Anka suna jiran ruwa ya janye. In mai ya ƙare kuwa, akwatin ba ya sanin ko sunansa, sai a koma durowa. A wasu wuraren kuma ita ke da gaskiya, ya sani ko bai faɗa ba. Cikin 'yan makonni na'urar ta tono wata mujallar lafiya da ake aiko wa Bukkuyum tana sauka Gummi tun bara, da wata da ake kawowa biyu-biyu ba wanda ya lura. Ba ta gajiya, ba ta jin nauyin kowa, ba ta san Alhaji Tsoho dattijo ba ne. Abin da ya sa Malam Surajo ke tsoronta ke nan.

Ranar da ake shigar da katuna, ya zare na Garma ya sa a aljihun gaba. A banza. Malama Naja'atu ba ta tsaya ga katuna ba, ta bi kantoci ɗaya bayan ɗaya, ta iske tsofaffin fitowar Garma a jere tsaf an ɗaure su da zare shekara-shekara, ta shigar da su. Kafin ya dawo daga tasha, ga layin nan ja tun daga sama har ƙasan allo. Ta ce wannan fa, shekara biyu ba a gani ba, kuma ba a taɓa tuni ba? Ya ce tana hanya. Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce in a ƙafa take tahowa daga Kaduna ma ai da ta iso ta huta. Ba ta san inda ta taka ba, shi kuma bai gaya mata ba.

Ƙarshen wata firinta ta yi ta kuka tana aman takardu. Shi ke kai wa Ɗantani, don haka a hanya ya zare ta Garma ya cusa a aljihu. Wata na gaba na'urar ta sake bugo ta, ta ƙara da cewa tuni na biyu. Ya sake zarewa. Kai, abin nan ba shi da zuciya! Mutum in ka share zancensa sau biyu yakan gane ba ka so, ya ƙyale ka. Wannan ko sau ɗari ka zare, ƙarshen wata za ta dawo da shi da fuska ɗaya. Har ya taɓa tsayawa a bayan akwatin yana kallon wayoyin, yana tunanin wacce zai tsinke a ce ɓera ne. Ya ji kunyar kansa ya fita.

A wata na uku aka yi rashin sa'a, ko kuwa sa'a, kowa ya zaɓa. Malama Naja'atu za ta Gusau bikin ƙawarta, ta ce ba sai an wahalar da Ɗantani ba, ita za ta miƙa wa Alhaji Tsoho hannu da hannu. Ta kwashe takardun tun da ɗuminsu ta zuba a jaka. Malam Surajo ya raka ta har mota. Makon nan bai san inda ya sa kansa ba. Ya share ɗakin karatu, ya sake sharewa, ya sauke littattafai ya mayar, ya je gonar da aka riga aka girbe ya zagaya ya dawo. Ya shirya kalmomin da zai gaya wa Inna, ya rushe, ya sake shiryawa. Habsu ta ce in bai zauna ba ƙafafun nan za su kai ƙararsa.

Ta dawo ranar kasuwa da hantsi, da lalle a hannu da alkakin biki a leda. Ta ajiye masa nasa, ta sunkuya tana haɗa wayoyi tana ba shi labarin abin da Alhaji Tsoho ya ce game da wannan da waccan. Yana tsaye a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Can ta ce, "Af, Malam, Garmar nan taka ashe ta mutu."

Ya ce, "Wa ya mutu?"

"Mujallar. Alhaji ya ce tun ƙarshen dubu biyu da biyu suka rufe, takarda ta yi musu tsada. Ba wanda ya ƙara samu ko'ina. Har yana mamaki, wai ya ɗauka kun sani, da kun tambaya ai da tuni ya faɗa muku."

Malam Surajo ya tako a hankali ya ɗaga kyanwa daga kan kujera ya zauna. Malama Naja'atu ta juyo ta gan shi zaune, abin da ba ta taɓa gani ba, ta tsorata ta ce ko ta kawo ruwa. Bai ji ta ba. Shekara biyu yana makokin takarda. Shekara biyu yana tsallaka titi don kar ya ga abin da babu shi. Waina nawa ya rabar a kan mutumin da wataƙila yana can yana kwance gindin mota yana waƙa? Dariya ta taso masa da kuka tare. Haushin kansa ya kama shi, daɗi kuma ya fi haushin yawa. Zaman bai daɗe ba, ya zabura ya fita ko hula bai gyara ba.

Nan ne ya yi kuskuren da har gobe in ya tuna sai ya dafe kai. Duk kalmomin da ya shirya na mutuwar mutum ne, bai shirya na wannan ba. Ya ratsa kasuwa da sauri, ya faɗa gida ko sallamar kirki babu. Inna na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, Habsu na wanke-wanke. Tun kafin ta tambaya, yana haki, fuskarsa kamar mai albishir, ya ce, "Inna, takardar ga ta mutu."

Ya manta cewa shekara da shekaru takarda a bakin Inna ba takarda ba ce. Tsohuwar ta ajiye gyaɗar da ke hannunta cikin ƙwarya a hankali. Ta yi salati, ta kai ƙarshensa. Sannan ta dubi ƙofar gida, inda aka yi abin tun farko, ta buɗe baki ta ce, "Lauwali." Ta sake cewa, "Lauwali, ɗana." Sunan ya fito mata wani iri, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Habsu ta saki kwano.

Surajo ya zube gabanta yana rantsuwa, ya ce ba shi ba, takardar, takardar kanta, masu bugawa ne suka rufe, ba wanda ya ce Yaya ya mutu. Sai da ya faɗa ya maimaita, Habsu ta taya shi, kafin maganar ta shiga. Inna ta goge fuska da bakin zane. Ta daɗe tana kallonsa.

"To shi hwa?"

Ya buɗe baki zai ce abin da ya saba, ya ji babu shi. Babu abin da ke hanya. Ɗan zaren da ya haɗa su da Lauwali ya tsinke tun shekara biyu, kuma da ya tambaya tun lokacin, da wataƙila ofishin na buɗe, da akwai wanda zai ce ga inda mai rajistar yake. Daɗin da ya shigo da shi ya zube. Ya ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce ta daɗe da sanin fensir yake mata, tun daga yadda yake kallon ƙasa in zai amsa. Ta yi shiru ne don ita ma tana tsoron biro. Amma tunda sunan ya riga ya fita, ba ta mayar da shi. "Na yi kunya har ta ishe ni," in ji ta. "Tashi ka nemo min Lauwali."

Washegari ya kai wa Malama Naja'atu makullin ɗakin karatu da na durowa, ya ba ta labarin duka a tsaye. Ta yi ta ba shi haƙuri kan dariyar da ta yi, ya ce ba ta da laifi, akwatinta ma ba shi da laifi, shi dai bai iya zama da mutane ba ne. Ya ciro katin Garma daga aljihu, ya yi laushi don gumi, ya nemi biro ya ja gicciye a kan duk fensirin nan. Ita kuma ta danna wa na'ura cewa an daina bugawa, jan layin ya ɓace. Takardar naɗi ɗaya ya ɗauka, mai layin nan na kyautar Lauwali Nuhu, ya ninke ya sa inda katin ya fito.

Ɗantani ya ba shi gidan gaba. 'Yan tasha da suka saba ganinsa yana tarar mota, yau suka gan shi a ciki da jaka a cinya, suka yi ta tsokana wai Tana Hanya ya gaji da jira zai je ya taro ta da kansa. Ya ɗaga musu hannu. A Kaduna ya iske ofishin Garma ya zama shagon sayar da katin waya. Wani mai gadi ya tura shi wurin tsohon akawunsu, akawun ya tuna wani bakanike dogo mai Hausar Sakkwato da kan zo da kansa duk ƙarshen shekara, yana jin daga wajen Kafanchan. Ya bi Kafanchan, aka ce ya koma Lokoja. Ya dawo gida ya yi 'yan makonni, ya buga hatimi, ya koyi danna na'ura da yatsa ɗaya yana mita, ya sake ɗaukar jaka. Haka rayuwarsa ta koma, kuma a karon farko rashin zamansa ya sami inda ya dosa.

Inna kuwa sunan ya zauna mata a baki. Takan faɗe shi ga kaji, ga jikoki, ga duk baƙon da ya zo daga nesa, ko ya taɓa jin wani Lauwali mai gyaran mota. Matan unguwa suka yi ta mamaki, wasu suka ce tsufa ne. Ran nan wata maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta, ta ga ba Surajo, ta tambaya ina ya shiga kuma, ko har yanzu bai dawo ba. Inna tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Suna hanya."